Jigo Ne Ko Labari? Inda Ɗalibai Ke Tuntuɓe a Kalmomin Nazarin Adabi

Ummi Zariya:
Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Don Allah a fitar da ni daga duhu. An ba mu gwaji a aji, aka ce mu faɗi jigon tatsuniyar Gizo da hankaki. Na zauna na cika shafi ɗaya da rabi: yadda hankaki ke zuwa cin ɓaure a tsakiyar kogi, yadda Gizo ya roƙe su suka ara masa gashi ya bi su, yadda ya riƙa hana su taɓa kowane ɓaure yana cewa shi ya riga gani, har suka fusata suka karɓe gashinsu suka bar shi a kan bishiya. Ban bar komai ba. Da takarda ta dawo sai na ga biyu cikin goma. Ƙawata da ta rubuta layi uku kacal ta sami takwas. Na je wurin malamin, ya ce in je in sake duba ma'anar jigo. To ai na haddace ta tun zangon farko: jigo shi ne saƙon da marubuci yake son isarwa ga jama'a. Me kuma ya rage?

Hajiya Binta:
Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki ji haushin malaminki, biyun ma ya yi miki adalci. An tambaye ki jigo, kika ba da labari. Ma'anar da kika haddace daidai take, amma ba ki yi aiki da ita ba. Ki tambayi kanki: bayan an gama tatsuniyar nan an ce ƙurunƙus, me ake so yaro ya kwana da shi a zuciya? Illar haɗama da butulci. Shi ke nan jigo. Abin da kika cika shafi da shi kuwa taƙaita labari ne.

Ummi Zariya:
To Malama, ke nan duk wahalar da na sha ta tafi a banza?

Hajiya Binta:
Ba a banza ba, kin ajiye kaya ne a inda ba muhallinsu ba. Da kin fara da cewa jigo shi ne illar haɗama, sannan kika ɗauko wurin da Gizo ke cewa shi ya riga gani a matsayin hujja, kika ɗauko karɓe gashin a matsayin sakamako, da kin yi abin da ake kira warwarar jigo. A nan ne maki yake. Na daɗe ina duba takardun ɗalibai, kuma wannan kuskuren shi na fi gani. Yaro ya san labarin ciki da bai, amma ya kasa faɗin abin da labarin yake nufi a jimla ɗaya.

Malam Bala:
Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara shi ne, ku yaran yanzu da yawa ba ku taɓa ganin jigo da idonku ba, shi ya sa kalmar ta zame muku kamar baƙuwa. Kafin injin ban ruwa ya cika fadamu, da jigo ake ba lambu ruwa: doguwar sanda a kan ginshiƙi, guga a wannan kai, nauyi a wancan kai. Duk aikin lambun a kansa ya rataya. Haka ake cewa wane jigo ne a jam'iyya, wato in ya janye abin ya rushe. Masana ba daga sama suka ɗauko kalmar ba. In kina neman jigon labari, nemi abin da in an zare shi sauran duk su zube.

Nura BUK:
Gafarta Malam, a ƙara da cewa jigo na iya zama fiye da ɗaya. Akwai babban jigo, akwai ƙananan jigogi. A tatsuniyar nan babban shi ne haɗama, amma akwai taimakon maƙwabci, akwai haƙuri mai iyaka. Sannan a waƙar baka mu ba jigo aka koya mana ba, turke ake cewa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ne ya fi yaɗa wannan a nazarinsa na waƙar baka. Ƙananan saƙonnin da ake gina turken da su kuma a ce tubalai.

Ɗan Fagge:
Jigo, turke, tubali. Wannan nazarin adabi ne ko kwangilar gini? Saura a kawo siminti da kwano.

Malam Bala:
Ɗan Fagge kana wasa amma ka taɓo gaskiya. Baiti ma kalmar Larabci ce, ma'anarta gida. Turke kuwa inda ake ɗaure dabba ne, ta yi ta kewaye amma ba ta wuce tsawon igiyarta. Ka saurari makaɗin fada irin Narambaɗa ko Ɗankwairo. Zai tafi ya yi zambo, ya kawo tarihi, ya roƙi doki, ya yi wa kansa kirari, amma duk inda ya je sai ya dawo kan yabon ubangidansa. Wanda ya zaɓi kalmar turke ya san abin da yake yi.

Sadiya M.:
Ni matsalata ba jigo ba ce. Kamantawa da siffantawa ne suke juya mini kai. Kullum sai na musanya su.

Hajiya Binta:
Wannan mai sauƙi ne Sadiya. Nemi kalmar da ta tsaya a tsakani. In kin ga kamar, tamkar, awa, sai ka ce, to kamantawa ce, wasu su ce kamance. “Audu kamar zaki yake a fagen dambe.” In aka cire ɗan tsakanin aka ce kai tsaye “Audu zaki ne”, an koma siffantawa. A ta farko Audu yana gefe zaki yana gefe, ana auna su. A ta biyu an mai da su abu ɗaya.

Kuma kamantawa iri uku ce. Ta daidaito, kamar misalin da na bayar. Ta fifiko: “Audu ya fi zaki ban tsoro.” Ta kasawa: “Zafin rana bai kai zafin rabuwa ba.” Ɗalibai na yawan mance cewa fi da bai kai ba su ma kamantawa suke ginawa, don sun saba da kamar kaɗai.

Nura BUK:
Malama ina da ja a nan, a yi mini afuwa. “Audu zaki ne” ai dabbantarwa ce. An ɗauki mutum an ba shi matsayin dabba. Haka aka koya mana a ƙarƙashin jinsintarwa: mutuntarwa, dabbantarwa, abuntarwa.

Hajiya Binta:
Nura, ni a wurina siffantawa ce, kuma haka nake koyarwa. Dabbantarwa sai an ba mutum aikin dabba ko halinta. Misali: “Audu ya yi gurnani, ya kaɗa jela, ƙananan namun daji suka watse.” Ka ga ba a ce shi zaki ne ba, amma an sa masa jela an sa masa gurnani.

Nura BUK:
To amma Malama, makaɗa sun cika waƙoƙinsu da kiran sarakuna giwa, toron giwa, bajimi, zaki, kada. A littattafan nazari da dama za ki ga an jera irin waɗannan a ƙarƙashin dabbantarwa, ba tare da an jira sai an sa wa sarkin haure ko hanci ba. In na bi maganarki duk waɗancan sun yi kuskure ke nan.

Sadiya M.:
Kun gani ko? Na zo da ruɗani ɗaya, yanzu na koma da biyu.

Malam Bala:
Ku tsaya, kowa ya ajiye sandarsa. Wannan gardamar ta girme ku duka, mun yi ta tun muna ɗalibai. Abin da ya faru shi ne kalmomin biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Siffantawa tana magana ne a kan yadda aka ƙulla maganar: kai tsaye, babu kamar. Dabbantarwa tana magana ne a kan inda aka je aka ɗauko siffar: daga dabba. To “Audu zaki ne” ta fuskar ƙulli siffantawa ce, ta fuskar jinsi dabbantarwa ce. Mutum ɗaya yana iya zama Bakano kuma maɗinki, ba wanda zai ce sai ya zaɓi ɗaya.

Inda Hajiya ta fi ƙarfi shi ne misalinta na jela da gurnani ba ya karɓar wani suna sai dabbantarwa, don haka shi ya fi dacewa a ba ɗan sakandare. Inda Nura ya fi ƙarfi shi ne ba za a ce wanda ya kira toron giwa dabbantarwa ya yi kuskure ba. Ni da ina duba takarda, duk wanda ya rubuta ɗaya daga ciki ya kuma faɗi dalilinsa zan ba shi makinsa. Wanda ya rubuta sunan kawai ya wuce, shi ne zan rage wa.

Hajiya Binta:
Malam na yarda da rabon da ka yi, amma bari in faɗa wa yaran nan gaskiyar ɗakin jarrabawa. A tambayoyin zaɓi na WAEC ko NECO ko JAMB babu wurin kawo dalili, da'ira ɗaya za ka cike. In an kawo “wane zaki ne” ba tare da kamar ba, kuma siffantawa na cikin zaɓin, ni shawarata a ɗauke ta. In an je jami'a sai a yi ta gardama da Nura.

Nura BUK:
Na karɓa Malama, amma ban sauka ba.

Ɗan Fagge:
Ni dai mutuntarwa ce tawa. Jiya talauci ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, na ce ba na nan, ya ce zai jira a zaure. Har yanzu yana nan ya miƙe ƙafa.

Hajiya Binta:
Allah ya shirye ka Ɗan Fagge, amma misalin ya yi. Sadiya ki rubuta shi: talauci ba shi da hannu ba shi da ƙafa, an ba shi aikin mutum. Abuntarwa kuma ita ce a mai da mai rai abu marar rai, kamar a kira jarumi dutse ko gatari ko bango. Za ku ga wasu littattafan sun rubuta jinsarwa maimakon jinsintarwa, abu ɗaya ne, kada ya firgita ku.

Abdu Maraɗi:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ni daga Nijar nake bin zancen nan. Mu da Faransanci aka koya mana waɗannan abubuwa a lakwal, sai yanzu da girma nake sanin sunayensu na Hausa, kuma wallahi sun fi zama mini a kai. Mutuntarwa ko ba a fassara maka ba ka ji mutum a ciki. Tambayata: waɗannan kalmomi dama can Hausawa na da su, ko masana ne suka fassaro daga Turanci?

Malam Bala:
Malam Abdu barka da zuwa. Kashi uku ne. Akwai na gado waɗanda tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san su: tatsuniya, karin magana, kirari, take, zambo, habaici, amshi. Akwai waɗanda suka shigo ta hannun malaman zaure daga Larabci: adabi, baiti, ƙafiya, tahamisi, ƙissa, hikaya. Akwai kuma waɗanda masana suka ƙera ko suka ɗauko daga maganar yau da kullum suka ba su sabon aiki lokacin da aka fara nazarin Hausa a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato: mutuntarwa, jinsintarwa, amsa-amo, zubi da tsari, warwarar jigo. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo yana cikin waɗanda suka yi wannan aiki a fannin rubutacciyar waƙa. Shi ya sa wani lokaci abu ɗaya ke da suna biyu. Ƙafiya da amsa-amo abu ɗaya ne, ɗaya ta zaure ɗaya ta aji.

Ummi Zariya:
Tunda an zo kan amsa-amo, mene ne bambancin babba da ƙarami? Kullum ina ganin su a tambayoyin shekarun baya.

Ɗan Fagge:
Ƙanwata bari in yi miki a aikace, yanzu na ƙaga:

Na tashi tun da asuba,
Littafi nake ta duba,
Ko koko ban kurɓa ba,
Don tsoron jarrabawa.

Malam ya shigo da sauri,
Ya ce a zauna a tsari,
Kowa ya bar fahari,
Yau ranar tantancewa.

A biya ni kuɗin koko.

Hajiya Binta:
Ashe kana da amfani. Ummi duba nan. Kowane rukuni baiti ne, kowane layi ɗango ne. Ɗango huɗu a baiti, don haka waƙar 'yar ƙwar huɗu ce. Dubi ƙarshen ɗangon ƙarshe na kowane baiti: jarrabawa, tantancewa. Wannan “wa” ɗin shi ne babban amsa-amo, wasu su ce na waje. Ba ya canzawa, ko waƙar ta kai baiti ɗari da shi za a riƙa rufe kowane baiti. Sauran ɗangogin kuma: a baiti na farko “ba”, a na biyu “ri”. Wannan shi ne ƙaramin amsa-amo, na ciki, kowane baiti da nasa.

Ummi Zariya:
Wallahi yau na gane. Shekara biyu ina haddace “na ciki” da “na waje” ban san cikin me ba.

Nura BUK:
A lura kuma, wannan rabon na rubutacciyar waƙa ne. A waƙar baka ba a cika cewa baiti ba, ɗa ake cewa, jam'i ɗiya, kuma ɗiyan ba dole su zo da tsawo ɗaya ba. Wani ɗan layi biyu ne, wani ya haura goma. Abin da ke raba su shi ne gindin waƙa da 'yan amshi ke maimaitawa. Kuma makaɗi ba ya damuwa da amsa-amo irin na marubuci, kiɗa ne ke riƙe masa waƙar. Na ga ɗalibai suna wahalar neman babban amsa-amo a waƙar Shata, abin tausayi.

Kawu Isiyaku:
Ina ta karatu ban sa baki ba. Akwai kuskuren da nake ji har a bakin wasu malamai, su ce duk waƙa mai ɗango biyar tahamisi ce. Ba haka muka karanta ba. In mutum ya zauna ya tsara waƙarsa da ɗango biyar-biyar tun daga farko, wannan 'yar ƙwar biyar ce, muhammasa. Tahamisi kuwa aikin mutum biyu ne. Wani ya yi waƙa 'yar ƙwar biyu, wani daga baya ya zo ya ɗora ɗango uku a saman kowane baiti, su dace da karin su dace da ma'anar, ya zama biyar. Misalin da kowa ya sani shi ne Tabban Haƙiƙa: Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Aiki ne mai wuya ƙwarai, don sai ka shiga cikin tunanin wani ka yi masa shimfiɗa ba tare da an ga ɗinki ba.

Malam Bala:
Allah ya ƙara girma Kawu. Wannan gyaran ya kamata a rubuta shi a allo. Kalmar ma daga hamsa take, wato a biyartar da abin da ba biyar ba ne da farko.

Sadiya M.:
Kawu ya ambaci kari. Ni dai in aka zo karin waƙa a aji sai in ji kamar an koma darasin lissafi. Fa'ulun, mafa'ilun, ban san inda aka dosa ba.

Kawu Isiyaku:
'Yata abin ba dodo ba ne, an fara muku shi ne ta wutsiya. Asalinsa ilmin aruli ne na Larabawa. Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra a ƙarni na 8, shi ya tsara karuruwa goma sha biyar, daga baya aka ƙara na sha shida. Malamanmu da suka karanta waƙoƙin Larabci suka riƙa ɗora na Hausa a kan waɗannan ma'aunai. Abin ya zauna ne saboda Hausa ma tana da gajeriyar gaɓa da doguwa kamar Larabci.

Ki bar sunayen tukuna. Faɗi “karatu” a hankali. Ka gajere ne, ra dogo, tu dogo. Wannan shi ne fa'ulun, ba wani abu ba. Yanzu faɗi wannan da ƙarfi:

Karatu, rubutu, tunani, bayani.

Kin ji yadda yake tafiya kamar taku? Fa'ulun sau huɗu ke nan, shi ake kira mutaƙarab. In kunnenki ya kama wannan, sauran duk canjin jeri ne na gajere da dogo.

Sadiya M.:
Kawu na faɗa har ƙanena ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Amma ya aka yi ka san ra dogo ne, alhali a rubuce a ɗaya ce?

Kawu Isiyaku:
Nan ne boko ya cuce ku. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ajami kuwa yana nunawa. Don haka kada ki yanka waƙa da ido, da baki ake yi. Kuma gaɓar da ta ƙare da baƙi, irin “kan” ko “tak”, ita ma doguwa ce.

Nura BUK:
Amma Kawu ba kowace rubutacciyar waƙa ce ke hawa karin Larabci ba. Akwai marubutan da suka ɗauko karinsu daga waƙoƙin baka, na dandali da na makaɗa. In aka matsa sai an samo musu suna a aruli, ana tilasta musu rigar da ba tasu ba.

Kawu Isiyaku:
Ban musa ba ɗana. Na faɗi inda ma'aunin ya fito ne, ban ce kowa da shi ya auna ba.

Abdu Maraɗi:
To zambo da habaici fa? A wurinmu mutane na haɗa su.

Malam Bala:
Ko a nan ana haɗa su. Zambo yana da mai shi. Makaɗi zai kama abokin hamayyar ubangidansa ya zana shi yadda kowa a fada zai gane: ƙaton ciki, rawani kamar gammo, rowa har ba ya ba almajiri ƙanzo. Muni ake fitarwa, a ƙara gishiri, a sa mutane dariya. Habaici kuwa jifa ne a kasuwa. Ba a siffanta kowa ba, an dai saki magana, mai kaza a aljihu shi ba ya jimirin as. Kishiya ta ce “wasu dai ba a iya miya ba sai iya baki” tana kallon bango, wannan habaici ne. In aka tambaye ta ta ce ita ba ta kama suna ba.

Gishirin da ake ƙarawa ɗin nan shi ma yana da suna a adon harshe, kambamawa, wasu su ce kambamar zulaƙe: a faɗi abin da hankali ya san ba zai yiwu ba, kamar a ce jarumi shi kaɗai ya kori dubu.

Ɗan Fagge:
Kamar in ce na ci tuwo malmala arba'in jiya.

Hajiya Binta:
Kai a wurinka wannan ba kambamawa ba ce, rahoto ne.

Ummi Zariya:
Malamai saura rabe-raben labaran gargajiya. Tatsuniya na sani. Almara, hikaya, ƙissa, tarihihi su ne ke cakuɗe mini.

Hajiya Binta:
A gurguje. Tatsuniya ƙagagge ce kowa ya san ƙagagge ce, tana da mabuɗi da marufi, ga ta nan ga ta nanku har zuwa ƙurunƙus. Almara ita ma ƙagagga ce, amma sau da yawa tana ƙarewa da matsalar da za a ba mai sauraro ya warware, irin a ce cikin mutum ukun nan wa ya fi cancanta. Ƙissa labarin annabawa da sahabbai ne, tana da tushe a addini. Hikaya labari ne na koyar da hali, galibi daga littattafan Larabawa, ba a rantsuwa a kan ya faru. Tarihihi kuma tarihi ne da ya daɗe a baki har aka yi masa ƙari, misalin da aka fi bayarwa shi ne labarin Bayajida.

Kawu Isiyaku:
Hajiya a yi hattara, akwai mutanen Daura a nan. Rijiyar Kusugu tana nan, ki zo in kai ki ki sha ruwanta.

Hajiya Binta:
Kawu ai ba a ce ƙarya ba ne. Rijiya tana nan, Daura tana nan, sarautar Magajiya an yi ta. Abin da ya sa ake ce masa tarihihi shi ne ba za a iya tantance inda abin da ya faru ya tsaya da inda ƙarin masu ba da labari ya fara ba.

Kawu Isiyaku:
Mu dai a gidanmu tarihi ne. Amma ku rubuta abin da malamarku ta ce, kada ku faɗi jarrabawa saboda ni.

Nura BUK:
Ba a taɓo zancen zube da wasan kwaikwayo ba. A taƙaice zube shi ne rubutun da ba a ɗaure shi da kari ko baiti ba, ƙagaggun labarai na ciki, irin waɗanda gasar 1933 ta Hukumar Fassara a Zariya ta haifar, su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. A zube ana duba jigo, zubi da tsari, salo, da taurari. Wasan kwaikwayo kuma ana raba shi kashi-kashi, kowane kashi da fitowa-fitowa.

Ummi Zariya:
Yaya Nura, salo fa? An ce mana salo shi ne hanyar da marubuci ya bi ya isar da saƙonsa. To zubi da tsari ma ai hanya ce.

Malam Bala:
Tambaya mai kyau. Ɗauki tela biyu ki ba su yadi ɗaya su ɗinka riga. Yadda aka yanka, ina wuya ina hannu ina aljihu, me ya zo farko me ya biyo, wannan zubi da tsari ne. A labari shi ne ko an fara daga haihuwar tauraro aka bi a jere, ko an fara daga ƙarshe aka yi kome, babi nawa ne, ina rikici ya ƙullu ina ya warware. Salo kuwa hannun telan ne, abin da zai sa ki ga riga a jikin wani ki ce wannan ɗinkin wane ne. Zaɓen kalmomi, yawan karin magana, ban dariya, gajerun jimloli ko dogaye, Sakkwatanci ko Kananci, duk adon harshen da muka yi ta gardama a kai tun ɗazu, a ƙarƙashin salo suke.

Kuma don Allah ku daina rubuta “marubucin ya yi amfani da salo mai armashi” ku yi shiru. Na gaji da ganin wannan jimlar. Armashin a ina yake? Ɗauko layin, nuna mini.

Ummi Zariya:
To bari in gwada da waƙar Ɗan Fagge a gani ko na kama. Jigo: fargabar ɗalibi ranar jarrabawa. Hujja: ya tashi da asuba, ya kasa shan koko, shi da kansa ya ce don tsoro ne. Zubi da tsari: baiti biyu, 'yar ƙwar huɗu, babban amsa-amo “wa”, ƙarami “ba” da “ri”. Salo: kalmomi masu sauƙi, da kambamawa a wurin da ya ce ko koko bai kurɓa ba.

Hajiya Binta:
Tara cikin goma. Ɗayan na cire ne a kan kambamawa. Rashin shan koko ranar jarrabawa abu ne da ke faruwa kullum, ni ma na yi. Sai ya ce cikinsa ya yi ƙugi har aka ji a kasuwar Kurmi, sannan ki kira ta kambamawa.

Ɗan Fagge:
Malama a mayar mata da makinta. Duk wanda ya san ni ya san ban taɓa fita gida ban sha koko ba, ko ranar ɗaurin aurena sai da na sha kofi biyu.

Sadiya M.:
To ni “gangara” da “saɓi-zarce” fa? Suna cikin abin da za a tambaye mu ranar Litinin.

Malam Bala:
Gangara ita ce magana ta fara a ɗango ɗaya ba ta cika ba sai a ɗango na gaba, a cikin baiti ɗaya. In ta tsallake baitin gaba ɗaya ta faɗa baiti na gaba, saɓi-zarce ke nan. An kira magariba a nan. Ɗan Fagge, ƙaga mata baiti biyu masu saɓi-zarce kafin mu dawo, ita kuma ta nuna mana inda maganar ta tsallaka.

Ɗan Fagge:
Na koko ma ba a biya ni ba tukuna.